Ƙaramar kamara ko DSLR? Amsoshin saƙonninku na wannan satin

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Satin nan kamar an haɗa baki, kusan duk saƙon da ya shigo maganar kamara ce, inaga dan bukukuwa sun matso ne kowa yana so ya rataya wani abu a wuya. Na tsinci waɗanda zan iya, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri ya karanta na wasu, da yawa tambaya ɗaya ce aka canza mata riga.

Malam ina wuni. Na gama hidimar ƙasa, na ɗan tara wani abu daga alawi, ina so in fara ɗaukar hoton biki da suna. Wani abokina yace in sayi ƙaramar kamara ta aljihu dan tafi sauƙin riƙewa, wani kuma yace DSLR ko a fasa. Wacce zan ɗauka? Matashi daga Kano.

Ƙanena DSLR zaka ɗauka, wato babbar kamarar nan ta masu hoto da ake cire mata gilashin gaba, wanda muke cewa lens, a canza wani, wannan ba sai mun ja ta da nisa ba. Amma bari in gaya maka dalili dan kar gobe wani mai shago ya juya maka tunani da daɗin baki.

Abin da yake kama haske a cikin kamara, wanda muke cewa sensa, shi ne gonar, girman gona kuwa shi ne yawan amfani. Ƙananan kamarorin aljihu irinsu Canon IXUS 185 ko Sony W800 sensarsu bata wuce milimita 6 da ɗoriya a faɗi ba, ta DSLR ɗin 'yan koyo kuma, Canon ce ko Nikon, tana wajen milimita 22 zuwa 23, in ka auna filin gaba ɗaya ta ninka ta fiye da sau goma. Da rana tsaka a waje bazaka ga bambancin sosai ba, amma ka shiga ɗakin amarya ranar kamu, labule a sake, ƙwan fitila ɗaya, mata cike sai zufa, nan ne ƙaramar zata baka hoto kamar an watsa masa yashi, fuskar amarya da aka kashe kuɗi wajen kwalliya ta fito wata iri. Kai kuma aikin da kake so ka shiga rabinsa a irin wannan ɗakin ake yinsa, sauran rabin a wajen dina da fitilu shuɗi da ja suna ta juyawa. Ga batir, DSLR in da ido kake leƙawa tana wuni bata nemi caji ba, Nikon D3500 ma kamfanin ya rubuta tana yin hoto 1,550 a caji ɗaya, ƙaramar kuwa kafin a gama ɗaurin aure ta fara ƙifta maka.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kar ka zuba duk kuɗin a jikin kamarar. Raba shi, wajen kashi biyu cikin uku ya tafi a kamara da lens ɗin da take zuwa dashi, mai lamba 18-55, ragowar ka sayi filasha ta ɗorawa a kai, batir na biyu, katin memori biyu masu kyau da jaka. Gara ka riƙe Canon 600D ko 700D ta hannu mai lafiya, ko Nikon D3300, da filasha a kanta, da ka riƙe sabuwa fil a kwali babu ko kuɗin mota a aljihunka. Kuma in ka tashi sayen Canon 2000D, 4000D ko 250D ka duba saman kai wajen da ake zura filasha, da yawansu an yi su babu wannan babban ɗigon ƙarfen na tsakiya, toh filasha mai araha irin wadda ake saita ta da hannu bazata tashi a kansu ba, zaka danna ka danna shiru. Yara da yawa sun zo min da wannan suna zaton filashar ce ta lalace. Ka tafi da kamarar shagon, a ɗora a gabanka, ta haska, sannan ka biya.

In Allah ya buɗa ka ƙara lens 50mm f/1.8, shi ne yake narkar da bayan mutum ya bar fuska tas, irin hoton da amare ke so. Sai dai a ƙaramin ɗaki yana matse ka, zaka ja baya har bayanka ya daki bango mutum uku basu shiga ba, dan haka kar ka yar da 18-55 ɗin. In Nikon ka saya cikin jerin D3100 zuwa D3500 ka tabbatar lens ɗin an rubuta AF-S a jikinsa, tsohon 50mm mai harafin D yana shiga amma bazai saita kansa ba, sai dai ka murɗa da hannu, a wajen biki kuwa babu mai jiranka.

Kuma dan Allah kar ka karɓi biki kai kaɗai a watanka na farko. Bi wani ka riƙe masa fitila, ka ga yadda yake tsayar da dangin ango, yadda yake lallaɓa gwaggon da bata son hoto. Ba'a sake ɗaura aure dan mai hoto ya yi kuskure.

Ina sayar da atamfa da leshi a Instagram da WhatsApp, kwastomomi suna cewa kalar hoto daban kalar kaya daban. Kamara zan saya? 'Yar kasuwa daga Katsina.

A'a Hajiya, riƙe kuɗinki ki ƙara jari. Matsalarki haske ce, kuma ko DSLR kika saya kika ɗauka ƙarƙashin ƙwan ɗaki da dare haka kalar zata gudu. Ki fito da kayan inuwar baranda da hantsi ko bayan la'asar, ki shimfiɗa farin yadi a ƙasa, ki goge idon kamarar wayarki dan maiƙon hannu ne yake sa hoto hazo-hazo, ki kashe duk wani filta da abin gyaran fuska. Ki gwada sati ɗaya. In har yanzu suna ƙorafi ki sake rubuto min.

Na ga wata kamara a intanet an rubuta 4K, megafiksil 48, zum 16, har da kati 64GB kyauta da batir biyu, kuma kuɗinta bai kai rabin rabin tsohuwar Canon mai megafiksil 18 ba. Ai 48 ta fi 18 ko? Me yasa mutane ke wahalar da kansu? Wani daga Kaduna.

Haba bawan Allah. Kai da kanka ka faɗi amsar a cikin tambayar, ka ga inda ake sayar da rago a kuɗin kaza kuma a haɗa maka da igiya da dusa kyauta? Na tambaye ka, menene sunan kamfanin da ya yi ta? Baka rubuta ba saboda babu, ko akwai wani suna da ba wanda ya taɓa ji, gobe kuma irin wannan kamarar sak zata fito da wani sunan daban.

Wannan 48 ɗin rubutu ne a kwali. Abin da ke ciki ƙaramar sensa ce wadda ko ta wayar da ke hannunka ta fi ta, sai manhajar ciki ta ja hoton ta buɗa shi kamar yadda ake jan roba, lamba ta ƙaru amma babu abin da ya ƙaru a hoton. Zum ɗin ma haka, gilashin baya motsi ko kaɗan, yanke tsakiyar hoton kawai take yi ta faɗaɗa. Canon mai megafiksil 18 da kake rainawa an wanke hotonta an yi manyan firem an rataye a falo shekara da shekaru, har yau ana cin abinci da ita.

Kuma tunda ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi bari in yi maganar gaba ɗaya, dan wallahi abin nan na jabun kaya yana ci min rai, kuma ba kamarar bogi ce tafi bani tsoro ba, ita ko yaro ya riƙe ta ya ji ba nauyi ya san wasa ce. Katin memori shi ne bala'in. Shi ne abu mafi araha a jakar mai hoto kuma shi ne yake riƙe da aikin gaba ɗaya, amma shi ne mutum zai tsaya a bakin titi ya saya a faranti, a rana, dan ya rage kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Ya faru dani, shi yasa nake ɗaga murya. Wani suna ne, ɗan fari, katina ya cika tun da safe na aiki yaro ya sayo min wani a nan kusa, ya kawo mai 32GB da sunan babban kamfani a jiki, kwalinsa har da sheƙi. Na saka, kamara ta karɓa, na ɗauka ina dubawa a sikirin komai yana fitowa. Da dare na zura a kwamfuta, hotunan farko suka buɗe lafiya, daga wani waje kuma sai rabin hoto toka-toka, na gaba layi-layi kore, na gaba ya ƙi buɗewa sam. A cikin waɗanda suka tafi har da wanda kakar jaririn ta ɗauke shi a cinya tana masa addu'a, tsohuwa ce da aka ɗauko daga ƙauye dan sunan kawai. Washegari da na je gidan na tsaya a zaure na fi minti goma kafin in iya yin sallama. Na mayar musu da kuɗinsu, uban yaron yace ba komai haka Allah ya so, amma maijegon bata ce uffan ba, kallon ƙasa kawai take, kuma har yau in na tuna sai naji nauyi a ƙirjina.

Yadda suke yi shi ne su ɗauki kati mai ɗan ƙaramin ciki, su sauya bayanin da yake gaya wa kamara, sai ya riƙa cewa shi 32 ne ko 64 ko 128. Kamara bata da hanyar ganewa, zubawa kawai take, in ainihin cikin ya cika sauran aikin ya bi iska ko ya hau kan na baya. Shi yasa gwajin da ake yi a shago, a ɗauki hoto biyu a nuna maka, ba gwaji bane. Gwajin gaskiya shi ne ka cika shi maƙil. In kana da kwamfuta akwai wata ƙaramar manhaja kyauta, H2testw, tana rubuta abu a katin har ya cika sannan ta karanta ta gaya maka gaskiyar cikinsa. In baka da ita ka tura bidiyoyi har ya ce ya cika, sannan ka buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe ka kalla. Ka yi wannan a gida kwana biyu kafin aiki, ba a wajen biki ba. Kar kuma ka tayar da rigima dan kati 64 ya nuna maka wajen 59 a kwamfuta, wannan bambancin lissafi ne, na gaske ma haka yake nunawa. Kuma kati biyu masu 32 sun fi min ɗaya mai 64, in ɗaya ya ci amana ɗayan yana nan. Katin da aka baka kyauta a cikin kwali kuwa kar ka ɗora masa aikin kowa.

Batir ma haka. Akwai na wasu kamfanoni da suka rubuta sunansu ɓaro-ɓaro, basu ce su Canon bane, waɗannan in da suna mai kyau ana amfani dasu. Wanda nake gudu shi ne wanda aka buga masa Canon ko Nikon a jiki alhali ba shi bane, ka ɗora shi a tafin hannu tare da na asali zaka ji bai kai shi nauyi ba, rubutun jikin ya ɗan yi kauri ko ya karkace, wata biyu ya kumbura ya maƙale a cikin kamara sai an sa abu an zaƙulo shi. Ga zafin garinmu, ga wutar da ake kawowa da ƙarfi a ɗauke, ka haɗa da jabun caja ka bar shi a kan katifa ka fita, me kake nema?

Sai masu cewa sabuwa ce dal a kwali. Canon 600D ta fito a 2011, 1200D a 2014, Nikon D3200 a 2012, in wani ya miƙo maka ɗaya daga cikinsu yau yace ba'a taɓa buɗewa ba, ka tambayi kanka ina ta kwana duk shekarun nan. Ta hannu ce aka goge aka sa a leda, kuma ba laifi bane sayen ta hannu, ni kaina yawancin kayana haka na saye su, laifin shi ne a sayar maka da ita a kuɗin sabuwa. Ka duba lambar jikin kamarar ta yi daidai da ta kwali, ka duba ƙasan inda ake ɗaura ta a sitan, wato ƙafafun da ake tsayar da kamara a kai, ko ya goge, robar wajen riƙewa ko ta saki, ka karɓi rasit da aka rubuta lambar a kai. Mai shagon da ya ƙi rubuta lamba a rasit ya riga ya gaya maka komai. Kuma ka daina tura kuɗi wa mutumin da baka taɓa gani ba dan ya sa hoto mai kyau a Facebook yace saura guda ɗaya, kullum saura guda ɗaya ne.

Toh kai mai tambaya, in kuɗin da ke hannunka iya na waccan mai 48 ɗin ne, ka bar shi a aljihu ka ci gaba da wayarka har ya ƙaru.

Canon da Nikon wacce tafi? Kuma wacce tafi girma, dan ina so in na shiga taro a san mai hoto ya zo. Daga Gusau.

Tambayar farko, duk wadda abokan aikinka na kusa suke riƙewa, dan ka samu aron lens da batir ranar da ka maƙale, a hoto kam babu wanda zai kalla ya ce wannan Canon ce wannan Nikon. Ta biyun kuma bazan ɓata lokaci a kanta ba. Mai biki hoto zai karɓa a hannunka, in bai yi kyau ba girman kamarar bazai hana shi faɗa wa duk unguwa ba.

Malam dan Allah ka taimaka min. Mahaifin yarana ya rasu, 'yata ta biyu tana karantar aikin jarida, tace ana basu aikin ɗaukar hoto kullum sai ta yi aro ana mata wulaƙanci. Na ɗauki adashena ina so in saya mata, amma bansan komai a kai ba kuma ina tsoron a cuce ni, kuɗin nan shekara guda ina zubi. Wata uwa daga Zariya.

Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ke kuma Allah ya saka miki da alheri Mama, ya sa yarinyar nan ta share miki hawaye. Ki kwantar da hankalinki, tsoron da kike ji shi ne zai tsare miki kuɗinki, waɗanda ake cuta su ne masu shiga kasuwa suna ganin sun sani.

Ga ɗaliba DSLR ce ta dace, saboda abin da ake koya musu shi ne sarrafa haske da hannu, buɗin lens da saurin ɗauka da ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ƙananan na aljihu masu araha kuwa basa barin mutum ya taɓa waɗannan, su suke yanke hukunci da kansu. Akwai ƙanana masu kyau ƙwarai irinsu Sony RX100 da Canon G7 X, sensarsu ta fi ta sauran girma kuma suna bada damar saitawa, amma kuɗinsu yakan kai na DSLR ko ya wuce, kuma in ƙura ta shiga lens ɗinsu mai fita da komawa ya maƙale gyaran ba ƙaramin abu bane. Bata buƙatar sabuwa, bata buƙatar mai tsada. Canon 1200D, 1300D, 600D, ko Nikon D3200, D3300, kowacce da lens 18-55, zata kai ta har ta gama makaranta ta fara ɗan aiki da ita. In bidiyo na cikin aikin nasu 600D, D3200 ko D3300 sun fi, dan suna da ramin saka makirfo.

Amma kafin komai ta tambayi malaminsu wacce iri ake so, kar ki saya a ce ba ita ba. Sannan kar ki je ke kaɗai, kar kuma ki aiki yaro da kuɗi. Ki nemi mai hoto guda a unguwarku wanda aka sani da mutunci, ki biya shi kuɗin mota da ɗan na goro, ku tafi ku uku da yarinyar. Shi ya san abin dubawa, amma ki sa ido ki ga ya yi waɗannan: ya cire lens ya haska shi da tocilan waya ya leƙa, in akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin funfuna ce, a canza wani. Ya ɗauki farin bango ko sama ya buɗa hoton ya duba ɗige-ɗige. Ya gwada kusa da nesa ya ji tana saita kanta ba tare da kuka ko kai-komo ba. Ya duba yawan hoton da ta ɗauka tun da aka ƙera ta, irin waɗannan ana kiyasta musu wajen 100,000, in ta yi kusa da nan a rage kuɗi sosai ko a bar ta. A haɗa miki da caja da batir, a rubuta rasit, a yi yarjejeniyar kwana nawa za'a iya dawowa da ita in ta nuna matsala.

Kuma Mama kar ki kashe adashen duka. Ki rage wani abu ki ɗaure a gefe, ko dan kati da jaka, ko dan gidan ma. In mai shago ya ga kin ƙirga duka a gabansa farashin zai tashi ya cinye shi daidai. Ki rubuto min in kun saya, ina so in ji.

Ina ɗaukar karatun malaminmu a masallaci ina sawa a YouTube, da waya nake yi, ina so in koma DSLR kafin azumi saboda tafsiri. Daga Maraɗi.

Ɗan uwa dakata. Waɗannan DSLR ɗin na 'yan koyo basa ɗaukar bidiyo ya kai minti 30 a jere, da kansu suke tsayawa, wasu ma tun kafin nan, tafsiri kuwa awa ɗaya ne ko fiye, zaka tsinci kanka malam yana tsakiyar aya kamara ta tsaya. Kuma 1300D, 2000D, 4000D, D3400 da D3500 duk basu da ramin makirfo, a karatu kuwa murya ce gaba da hoto, mutane zasu yafe maka hoto mai duhu amma bazasu zauna sauraron amsa-kuwwar lasifika da ƙarar fanka ba. Sayi makirfo na maƙalawa a riga, sitan mai ƙarfi, fawa bank, da fitila ɗaya, ka ci gaba da wayar. In dole sai kamara toh ka nemi kamkoda, ita dama dan doguwar ɗauka aka yi ta.

Ina son ɗaukar hawan sallah daga nesa, na ga Nikon P900 ance tana jawo abu sau 83. Ita ko DSLR? Daga Bauchi.

Gaskiya ne tana jawowa, kuma da rana tana bada hoto mai kyau daidai gwargwado, sai dai duk girman jikinta sensarta irin ta ƙananan ce, kuma in ka jawo har ƙarshe numfashinka kaɗai ya isa ya girgiza hoton. Ga doki ba tsayawa yake ba. In mahaya a tsaye kake so, rawani da alkyabba da kwalliyar doki, zata yi maka. In lokacin jafi kake so, dawakai sun taho a guje ƙura ta tashi, DSLR da lens 55-250 na Canon ko 70-300 na Nikon ta fi saurin kamawa nesa ba kusa ba. Ka ɗaura lens ɗin tun daga gida, kar ka kuskura ka buɗe cikin kamara a filin hawa, kuma igiyar ta zauna a wuyanka dan ka san yadda turmutsutsun yake.

Malam hankalina a tashe yake. Wata uku da sayen D3400, yanzu duk hoton da na ɗauka akwai baƙaƙen ɗigo guda huɗu a waje ɗaya, musamman in sama ta fito. Na goge lens har na gaji. Ta lalace ne? Bashi na ci na saya. Wata daga Jos.

Bata lalace ba ƙanwata, sha ruwa ki zauna. Ƙura ce ta sauka a kan sensa, kuma duk mai DSLR a ƙasar nan da ya ga hunturu ɗaya ya ga wannan, shi yasa gogar lens bata yi miki komai ba, dattin yana can ciki. Ki sayi abin hura iska na roba, wanda ake matsawa da hannu, ba shi da tsada. Ki cika batir, ki shiga menu wajen da ake ɗage madubin cikin kamarar dan shara, ki cire lens, ki kifa kamarar bakinta yana kallon ƙasa, ki hura sau biyar ko shida ba tare da bakin robar ya taɓa komai ba, ki kashe ki mayar da lens. A ɗaki zaki yi, fanka a kashe, taga a rufe.

Abin da nake roƙonki kar ki yi: kar ki hura da baki, yawu zai bi. Kar ki sa gefen mayafi, ko auduga, ko tsinken goge kunne, garin neman gira a rasa ido, in kika karce wajen nan gyaransa ya kusa kuɗin wata kamarar. In kin hura ɗigon yana nan ki kai wa mai gyaran kamara, ba mai gyaran waya ba, akwai abin shara na musamman da suke amfani dashi, aikin minti kaɗan ne.

Daga yau in zaki canza lens ki kashe kamarar, ki juya wa iska baya, ki riƙe sabon a hannu kafin ki cire tsohon. In damina ta shigo kuma kar ki kulle ta a jaka cikin durowa wata da watanni, danshi ne yake kawo funfuna, ki samu roba mai murfi ki ajiye ta ciki tare da 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi, kina fito da ita tana shan iska ko sau ɗaya a sati. Ki ɗauki sama bayan kin hura, ki turo min hoton in gani.